Yadda A Ke Kiyaye Kyawun Aiki a Ofisoshin Masu Zanen Gini

Darasi domin Hakimai da Malamansu

Babu gundumar da mutum zai shiga yau bai tarar ana gini ba. Nan makaranta, can ɗakin shan magani, gaba kuma rumfunan kasuwa, ko kwalbati, ko masallacin Juma'a wanda jama'a suka tara kuɗi suna ginawa. Galibin waɗannan ayyuka ba a kan fara su ba sai an biyo ta wurin Hakimi, ko don neman fili, ko don sasanta iyaka, ko don a gayyace shi ya sa harsashi. In kuwa bango ya tsage, ko rufi ya faɗo wa yara, ƙofar Hakimi talakawa su ke fara zuwa da kuka, tun labari bai kai ƙaramar hukuma ba.

Mutane da yawa suna tsammani kyawun gini yana hannun magini da ɗan kwangila kaɗai. Lalle suna da nasu rabo, amma akwai ɓarnar da a ke yi tun ba a haƙa ƙasa ba, watau a kan takarda, a cikin ofishin waɗanda suka zana ginin. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, suna nufin zanen ado wanda a ke yi bango na ɗanye. A ginin zamani kuwa zane shi ke gaba, gini na biye. In zane ya karkace, kome gwanintar magini karkataccen gini zai yi, domin abin da aka ba shi ya bi. Wannan darasi zai bayyana yadda ofisoshin kirki su ke tsare aikinsu daga kuskure, da abin da ya kamata Hakimi da malaminsa su sani game da haka.

1. Su wane ne masu zanen gini?

Ginin zamani ba mutum ɗaya ke zana shi ba. Na farko shi ne mai tsara gini, wanda ya ke fitar da siffarsa, da yawan ɗakuna, da wurin ƙofofi da tagogi, da yadda iska da haske za su shiga. Na biyu injiniyan ƙarfin gini, wanda ya ke lissafa zurfin harsashi, da kaurin ginshiƙai, da yawan rodin da za a sa cikin kankare. Na uku injiniyoyin lantarki da na ruwa. Na huɗu mai ƙiyasin kaya, wanda ya ke ƙidaya buhunan siminti, da bulo, da katako, da kwano, ya fitar da kuɗin aikin. Sau da yawa kowannensu yana da nasa ofis dabam, wani a Kaduna, wani a Kano, ginin kuwa a wani ƙauye mai nisa wanda waninsu bai taɓa takawa ba.

Abin da waɗannan ofisoshi su ke sayarwa takarda ce da lissafi. Mai sayen hatsi ya kan zura hannu cikin buhu ya gani, mai sayen doki ya kan duba haƙoransa, amma mai karɓar zane ba shi da hanyar da zai san ko lissafin da ke bayansa daidai ne. Saboda haka tilas amana ta tsaya a kan tsarin da ofis ya ke bi wajen yin aikinsa.

2. Asalin al'amarin

Tun zamanin dā sarakuna sun san hatsarin mugun gini. Dokokin Hamurabi, Sarkin Babila, wanda ya yi mulki wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun hukunta kisa ga maginin da gidan da ya gina ya rushe ya kashe mai gida. A ƙasar Hausa kuwa sana'ar gini tana da shugabanta, watau Sarkin Magina, kuma yaro ya kan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa, yana miƙa tubali, kafin a yarda masa ya ɗaura baka ko guga. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shaida ne ga irin ilmin da ke cikin wannan tsari.

Maginin gargajiya ya san iyakar kayan aikinsa. Ya san azara ba ta ƙetare fiye da misalin ƙafa 6 ba tare da an tallafe ta ba, ya san irin ƙasar da ta ke yin tubali, kuma shi da ya tsara ginin shi ke tsaye a kansa har a gama. Ginin ƙasa kuma ya kan yi gargaɗi, ya tsage, ya yi yoyo, a yi masa yaɓe kafin damina. Kankare ba haka ya ke ba. Da zarar an zuba shi ya daskare, rodin da ke ciki ya ɓuya ke nan, ba mai ganin ko an sa 6 ko an sa 4. Ga shi kuma da nauyi ƙwarai. Rufin kankare mai kaurin inci 6 a kan aji ɗaya mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7 ya kai tan 20, watau nauyin buhun siminti 400, yana rataye bisa kawunan yara. Da wanda ya tsara da wanda ya gina suka zama mutane dabam, takarda ce kaɗai ta haɗa su, sai ya zama wajibi a tsare takardar nan da kyau.

3. Abin da a ke nufi da kiyaye inganci

Kiyaye inganci ba shi ne a gama aiki sa'an nan a duba ba. Ma'anarsa ita ce ofis ya rubuta hanyar da ya ke bi a kowane mataki, ya bi abin da ya rubuta, ya ajiye shaidar cewa ya bi, in kuma an sami kuskure ya nemi tushensa ya toshe. Wannan ilmi a masana'antu ya fara. Wani Ba'amurke, Dokta Deming, ya koyar da shi ga masu masana'antun Japan tun daga 1950, kuma ta hannunsa aka san ƙa'idar nan mai hawa huɗu: a shirya, a aikata, a duba, a gyara, sa'an nan a sake komawa farko.

A 1979 Ingila ta fitar da ƙa'idodinta na wannan tsari. A 1987 kuma Ƙungiyar Ma'aunai ta Duniya, wadda aka kafa a 1947, mai mazauni a Janiba, ta fitar da nata, waɗanda a cikinsu akwai ISO 9001. An sake yi musu gyara a 1994, da 2000, da 2008, da 2015. Ofishin da ya ke so a shaide shi da wannan ƙa'ida sai ya gayyato masu bincike daga waje su duba littattafansa da fayilolinsa. In sun gamsu su ba shi takardar shaida ta shekara 3, kuma su riƙa dawowa kowace shekara. Amma fa a lura, takardar nan tana nuna ofis yana da tsari ne, ba ta ce kowane zanen da ya fito daga cikinsa ba shi da aibu ba. Akwai kuma ƙananan ofisoshi masu bin tsari sosai waɗanda ba su da ita.

4. Matakan da ofishin kirki ya ke bi

Na farko, rubuta bukatar mai gini. Kafin a ja layi ko ɗaya, sai a zauna da mai aikin a rubuta abin da ya ke so: yara nawa za su zauna cikin aji, ko za a ƙara bene nan gaba, ko za a ɗora tankin ruwa a sama, da kuɗin da ke hannu. Sa'an nan kowa ya sa hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tanki mai cin lita 1,000 nauyinsa tan ɗaya ne in ya cika, kuma harsashin da aka lissafa don ginin ƙasa ba zai ɗauki bene ba.

Na biyu, binciken wuri. Sai a aika safiyo ya auna fili, a haƙa ramuka a ga irin ƙasar da ke ciki, in ginin babba ne a kai samfurinta ɗakin gwaji. Ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Baƙar laka irin wadda ke wasu sassan Barno da kwarin Gwangola ta kan kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta karya harsashi. Tsohon kududdufi da aka cike da shara ya kan lotsa. Zanen da ya yi kyau a kan marmara ba zai yi a fadama ba. Saboda haka ofishin da ya ɗauko tsohon zane ya canja masa sunan gari kurum, ya yi ha'inci ko da bai yi nufi ba.

Na uku, duban mutum na biyu. Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin duka. Kowane lissafi da kowane zane sai wani wanda bai yi shi ba ya bi shi layi layi, kana babban ofis ya amince. Don haka a kusurwar kowane zane akwai gurbi uku: wanda ya zana, wanda ya duba, wanda ya amince, kowa da sa hannunsa da kwanan wata. Malaman da suka saba kwafar littafi da hannu sun san wannan, domin ba a yarda da kwafi sai an yi muƙabala da asali, wani na karantawa wani na bi. Ma'aji ma ba shi ke binciken littafinsa ba, sai odita. Dalili kuwa sananne ne: laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani.

In aikin babba ne, kamar gada ko dogon bene, a kan kai zanen wani ofis dabam ya sake lissafi tun daga farko ba tare da ya ga na farkon ba. Ingila ta ƙarfafa wannan bayan gadoji biyu na ƙarfe sun faɗi ana cikin gina su a 1970, ɗaya a ƙasar Wales inda mutum 4 suka mutu, ɗaya a Melbon ta Ostareliya inda mutum 35 suka mutu. Kwamitin da aka naɗa ya ba da shawarar a riƙa ba wani injiniya mai zaman kansa zanen manyan gadoji ya duba.

Na huɗu, haɗa zanen sassa. Sai a tara mai tsara gini da injiniyoyi a ɗora zanensu bisa juna, don kada a tarar bututun ruwa ya bi ta inda ginshiƙi ya ke, ko taga ta faɗo a tsakiyar ƙarfe. In ba a yi haka a ofis ba, a fili za a yi shi da guduma, a fasa kankare a yanke rodi don bututu ya wuce. Yau a kan gina siffar ginin duka cikin kwamfuta, ita kuma ta nuna wuraren da aka yi karo. Amma kwamfuta abin da aka ba ta shi ta ke lissafawa. A 1991 wani ƙaton dandamalin kankare na haƙar iskar gas ya nutse a teku a ƙasar Norwe ana cikin gwada shi, bincike kuwa ya nuna lissafin da aka yi da kwamfuta ya rage ƙarfin da zai danni wani bango da kusan rabi. Don haka injiniyan kirki ya kan yi ɗan ƙiyasi da hannu ya gwada da abin da na'ura ta ba shi.

Na biyar, lamba da rajista. Kowane zane yana da lambarsa, in an gyara shi a ƙara masa harafi, A, B, C, a rubuta abin da aka canja da ranar da aka canja. Akwai rajistar da ke nuna wa aka aika wa wane zane, kuma yaushe. In sabo ya fito sai a karɓe tsoho daga hannun heluma a soke shi. A kan kuma buga wa zane hatimi mai nuna matsayinsa, ko na shawara ne, ko na neman izni, ko na gini. Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar wasiƙu ya san amfanin wannan.

Na shida, tsare canji. Ba ginin da a ke gamawa ba a canja wani abu ba. Ɗan kwangila zai ce rodi mai kauri kaza babu a kasuwa, mai gini zai ce a ƙara ɗaki. Ƙa'ida ita ce kowane canji a rubuta shi, a mai da shi ga wanda ya yi lissafin farko, a duba shi kamar yadda aka duba na farko, kana a aikata. Maganar baka da ta waya ba izni ba ce.

Na bakwai, ziyarar fili. Injiniya ko wakilinsa sai ya zo ya ga ramin harsashi kafin a zuba kankare, ya ƙidaya rodi kafin a rufe shi. A kan ɗebi kankaren da a ke zubawa a cika 'yan akwatuna masu inci 6 kowane gefe, a kai ɗakin gwaji a matse su da inji bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28, a ga ko sun kai ƙarfin da zane ya ce. Abin da aka gani duka a rubuta cikin littafin fili.

Na takwas, koyo daga kuskure. In an gama aiki sai a gyara zane ya dace da abin da aka gina a zahiri, a ba mai gini kwafi ya ajiye. Ofis kuma ya zauna ya duba kurakuran da aka samu. Ba a tsayawa ga tambayar wa ya yi, sai an kai ga me ya sa tsarin bai kama shi ba. Ofishin da ya ke korar yaro don ya faɗi kuskurensa, ɓoyewa ya ke koya wa sauran.

5. Misalai uku

Gadar Kwibek, 1907. A ƙasar Kanada an ɗauki gina wata babbar gadar ƙarfe bisa kogin San Loran. Babban injiniya mai ba da shawara, Theodore Cooper, mutum ne da ya yi suna ƙwarai. Ya ƙara tsawon tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba kafin a fara ƙira. Shi kuwa yana zaune a Niyu Yok, ba ya cika zuwa wurin aikin ba, kuma babu wanda aka sa ya duba bayansa saboda girman sunansa. Da masu duba aiki suka ga wasu ƙarafa sun fara lanƙwashewa, sai ɗayansu ya tafi ya gaya masa. Ya buga waya kada a ƙara wa gadar nauyi, amma saƙon bai kai ga ma'aikata a kan lokaci ba. Ran 29 ga Agusta 1907 gadar ta rufta, mutum 75 suka hallaka. Darasi a nan shi ne babu wanda ya girmi a duba aikinsa, kuma dole a sami mai ikon tsai da aiki a wurin aikin.

Otal ɗin Kansas Siti, 1981. A wani babban otal a Amurka, mai suna Hyatt Regency, an rataye hanyoyin tafiya biyu a sararin zaure, ɗaya bisa ɗaya. A zanen farko dogon ƙarfe ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa ta sama ya kai ga ta ƙasa. Maƙeran da aka ba aikin suka ga wannan zai yi wuyar haɗawa, suka mai da shi ƙarfe biyu: ɗaya daga rufi zuwa ta sama, ɗaya daga ta sama zuwa ta ƙasa. A ido kamar ba a canja kome ba. Amma a ɗauki misalin ragaya biyu. In an ɗaura kowace a jikin doguwar igiya ɗaya, kowane ƙulli ƙwaryarsa kaɗai ya ke ɗauka. In kuwa an rataye ta ƙasa a gindin ta sama, ƙullin sama ya ɗauki ƙwarya biyu ke nan. Haka nauyin da ke kan mahaɗar sama ya ninka. Zanen da aka canja ya koma ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi, ba wanda ya zauna ya sake lissafi. Ran 17 ga Yuli 1981, ana cikin taron rawa, hanyoyin biyu suka faɗo, mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Bincike ya nuna ko zanen farkon ma bai kai ƙarfin da dokar garin ta ce ba. A 1986 aka ƙwace lasin injiniyoyi biyu da ke da alhakin aikin. Darasi shi ne hatimi ba ado ba ne, wanda ya buga shi ya ɗauki nauyin abin da ke cikin takardar.

Benen Citicorp, 1978. Wannan misalin alheri ne. A Niyu Yok an gama wani bene mai hawa 59 a 1977. Bayan shekara guda, wata tambaya da ta fito daga wajen masu koyon aikin a jami'a ta sa injiniyan ginin, William LeMessurier, ya koma kan lissafinsa game da iskar da ke bugun gini ta kusurwa. Ya kuma gano cewa mahaɗan ƙarfen da ya zana a yi musu walda, an mai da su na noti a lokacin gini don rage kuɗi. Lissafinsa ya nuna masa babban hadari zai iya kā da benen. Ba wanda ya sani sai shi, kuma faɗar gaskiya tana iya jawo masa asarar suna da dukiya. Duk da haka ya tafi ya gaya wa masu ginin. Aka yi watanni ana shiga da dare ana walda faifan ƙarfe mai kaurin inci 2 bisa mahaɗan har aka gama, ba wanda ya rasa ransa. Jama'a ba su ji cikakken labarin ba sai a 1995. Darasi shi ne a saurari tambaya ko daga ƙarami ta fito, kuma bayyana kuskure ya fi rufe shi.

6. Halin da a ke ciki a Nijeriya

Doka ba ta bar zanen gini ga duk wanda ya ga dama ba. A 1969 aka kafa majalisar yi wa masu tsara gini rajista, wadda a ke kira ARCON. A 1970 aka kafa ta injiniyoyi, watau COREN. A 1989 aka kafa ta ƙwararrun magina, watau CORBON. A 2006 kuma aka fitar da Kundin Ƙa'idodin Gini na Ƙasa. Wanda aka yi wa rajista yana da lamba da hatiminsa, kuma majalisarsa tana da ikon hukunta shi in ya yi sakaci. Ban da wannan, jihohi suna da hukumomin tsara birane waɗanda su ke duba zane su ba da iznin gini.

Amma doka a takarda ba ta riƙe ginshiƙi. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da a ke cikin ginawa ya rushe a unguwar Ikoyi ta Ikko, watau Legas, fiye da mutum 40 suka mutu. Ran 12 ga Yuli 2024 kuma benen wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, galibinsu yara 'yan makaranta. Waɗannan ba labaran wata ƙasa mai nisa ba ne. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa kuwa, inda ma'aikatan hukuma ba su cika zuwa ba, sau da yawa idon Hakimi da na dagatai su ne kaɗai idon da ke kan aiki.

7. Abin da ya shafi Hakimi da malaminsa

Hakimi ba injiniya ba ne, kuma ba a neman ya yi lissafin rodi. Amma uban ƙasa yana da ikon tambaya, kuma tambayarsa tana da nauyi. Idan za a yi ginin jama'a a gundumarsa, musamman mai bene ko mai faɗin rufi, ya kamata ya nemi amsar waɗannan:

(a) Akwai zane? Wane ofis ya yi shi, kuma akwai hatimi da lambar rajista a kansa?

(b) Gurbin wanda ya duba a cike ya ke, kuma sunan da ke ciki dabam ne da na wanda ya zana?

(c) An zo an ga filin, an haƙa an duba ƙasar?

(d) Hukuma ta ba da izni, kuma yawan hawan da a ke ginawa shi ne wanda ke cikin iznin?

(e) Wa zai zo ya duba rodi kafin a zuba kankare, kuma ina littafin fili?

(f) In an canja wani abu, ina takardar da injiniya ya sa wa hannu?

Akwai kuma ilmin da Hakimi da dattawan gari su ke da shi wanda ba ya cikin kowane ofis. Su suka san inda ambaliya ta tsaya a shekarun babban ruwa, da inda tsohuwar rijiya ko marina ta ke, da gefen da iskar farkon damina ta ke fitowa ta yaye kwano, da inda gara ta yi yawa. Ya kamata a faɗa wa masu zane waɗannan tun ranar da suka zo ganin fili, kuma malami ya rubuta cewa an faɗa.

Aikin malami shi ne ya buɗe fayil ga kowane ginin jama'a, ya sa kwafin zane da na izni, ya rubuta sunan ofishin da ya zana, da na ɗan kwangila, da ranakun da aka zo dubawa. In bayan shekara 10 aka zo za a ɗora bene, wannan fayil shi zai nuna ko harsashi zai ɗauka. In an ga tsagar da ke ƙara faɗi, ko rufi ya yi ciki, ko rodi ya fito fili yana tsatsa, sai a fitar da mutane daga ciki tukuna, sa'an nan a rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane nan da nan, a kuma sanar da Sarki.

Abu biyu ne Hakimi zai yi hattara da su. Na ɗaya gaggawa. In an matsa wa ofis ya fitar da zane cikin kwana uku domin ranar buɗewa ta matso, abin da zai fara yarwa shi ne duban mutum na biyu, sauri kuwa ya kan haifi nawa. Na biyu araha. Kuɗin zane kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin gini, amma shi a kan fara yi wa ƙwauro, musamman a ayyukan gayya, inda a kan ce wane ya taɓa aiki a birni, shi zai zana. Gyaran kuskure a takarda ɗan lokaci ne da tawada, gyaransa bayan kankare ya daskare rushewa ne, in kuwa ba a gyara ba har ya faɗo, babu kuɗin da zai mai da rai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Hakimin da ya saba yin tambayoyin nan shida, ba da daɗewa ba 'yan kwangila za su san gundumarsa ba wurin kawo zane marar hatimi ba ce, su riƙa zuwa da shirinsu.

Tambayoyi domin bita

1. Don me ba a yarda wanda ya yi lissafi ya zama shi ne mai duba shi ba?

2. Wane canji aka yi a otal ɗin Kansas Siti, kuma a wane mataki ya kamata a kama shi?

3. Jama'ar wani gari suna so su ɗora bene bisa makarantar da aka gina shekara 15 da suka wuce. Waɗanne takardu malamin Hakimi zai nema, kuma wa za a kira kafin a sa bulo ko ɗaya?

4. Waɗanne abubuwa ne dattawan gari suka sani game da fili waɗanda ya kamata a faɗa wa masu zane?